Sabuwar Motata Ta Kwanta a Garejin Dila, Sun Ce Garanti Ya Faɗi

*Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, ina sayar da atamfa da leshi. Wata biyar da suka wuce na sayi mota otomatik sabuwa dal a wajen dila mai izinin kamfani a Abuja, rabin kuɗin nawa ne, rabi bashin banki. Na guji Beljiyam ne don in huta da zaryar gareji. Ba ta yi wata guda ba ta fara karkarwa idan zan tashi daga tsaye, musamman a cunkoso. Na kai musu, suka ce sabunta ce, za ta saki jiki. Na sake komawa, suka ce sun sabunta mata kwamfuta. Da ta kai kilomita 5,000 maigidana ya ce ba dalilin zuwa Abuja don juyen baƙin mai kawai, ya kai ta wajen bakanikensa, ya kuma sa aka ɗaura mata tiraka, na'urar bin sawun mota, saboda ɓarayi. Kwanan baya ta kunna fitilar giya, ta ƙi motsi a tsakiyar titi, sai ɗaukar ta aka yi. Yau sati biyar tana garejinsu. Yanzu sun ce mini da baki wai garanti ya faɗi tunda an taɓa ta a waje, in biya kuɗin kuloci da na aiki. Maigida ya ce in ɗauko ta bakanikensa ya sa mata giyabos na Beljiyam, ƙanena ya ce in tona musu asiri a Facebook. Banki na cire kuɗinsa duk wata, ni kuwa ina hawan adaidaita zuwa shago. Gaskiya ina jin haushin maigidana, ko hirar kirki ba ma yi yanzu. Me zan yi?*

*Wata 'yar kasuwa, Kaduna*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da haƙuri, Hajiya. Wanda ya sayi Beljiyam ya san da gyara a cikin lissafinsa tun ranar ciniki. Ke kuwa kin ƙara kuɗi, har da cin bashi, don ki sayi kwanciyar hankali, sai ga shi ita ce ba ki samu ba. Kina da dalilin jin haushi. Amma a wannan makon dai kada ki ɗauko motar, kada ki biya ko kwabo, kada kuma ki rubuta komai a Facebook. Maganar nan ta faɗuwar garanti baki ne ya furta ta a gaban kanta. Har yanzu ba wanda ya rubuta ta a takarda mai tambarin kamfani, ya sa hannu, ya bayyana ta yadda juyen baƙin mai ko tiraka suka lalata kuloci. Aikin da ke gabanki shi ne ki sa su rubuta wannan bayanin, domin sau da yawa daga nan ne magana take canjawa. Faɗa da baki ba ya cin kowa komai, sa hannu kuwa yana da mai amsa tambaya a kansa.

Ki fara da littafin garanti da littafin sabis da aka ba ki tare da makulli. In suna cikin aljihun gaban motar, ki je ki ɗauko su, ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki. Za ki ga tsawon garantin, wanda a yawancin sababbin motoci yake farawa daga shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanonin kuma suna ba da shekara biyar ko fiye. Da wata biyar a hannunki, ba ki kai ko kusa da iyaka ba. Wurin da za ki karanta a tsanake shi ne inda aka jera abubuwan da garanti bai ɗauka ba. Akwai bambanci babba tsakanin littafin da ya ce ba ya ɗaukar ɓarnar da gyaran waje ya haddasa, da wanda ya ce duk sabis dole a yi shi a gareji mai izini ko garanti ya tafi. Na farkon yana tilasta musu su nuna alaƙa tsakanin abin da aka taɓa da abin da ya lalace. Na biyun ya fi tsauri, kuma akwai dilolin da ke rubuta shi haka a ƙasar nan, don haka in shi kika tarar, ki sani ƙafarki ɗaya tana kan santsi, sai ki dogara da kwanan wata da kuma doka, waɗanda zan zo kansu. Wani zai iya turo miki bayani daga intanet cewa haramun ne kamfani ya soke garanti don an yi sabis a waje. Wannan dokar Amurka ce ta 1975, kuma dokokin da ke tilasta canja motar da ta ƙi gyaruwa na jihohinsu ne. Kada ki ɗauke su zuwa Abuja, za su ba manaja damar ya nuna ba ki san abin da kike faɗa ba.

Yana da kyau ki fahimci abin da ya lalace, don kada a rufe ki da turanci. Mota otomatik da ake maganar kuloci a kanta, mai karkarwa wajen tashi a cunkoso, alamar giyabos mai kuloci biyu ce, irin da ya yawaita a sababbin ƙananan jif masu injin tabo. A cikinsa kuloci ɗaya yana kula da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan yana kula da ta 2 da ta 4 da ta 6, kwamfuta ce ke taka su a madadin ƙafarki. Iri biyu ne: busasshe, da wanda kulocinsa ke wanka cikin mai. Busasshen ba ya son tafiyar hawainiya, domin duk lokacin da mota ke jan jiki a gosulo kulocin bai kama gaba ɗaya ba, gogawa yake yi yana ɗaukar zafi. 'Yar girgiza kaɗan a ƙaramin gudu halinsa ce. Amma karkarwa mai ƙaruwa tun watan farko, sannan fitilar giya, sannan ƙin motsi, wannan ya wuce hali, ya zama aibi. Abubuwan da suka saba jawo shi sanannu ne: sil ɗin da ke tsakanin inji da giyabos ya yi yoyo mai ya taɓa fuskar busasshen kuloci, ko kulocin ya fito da matsala daga masana'anta, ko akwatin da ke sarrafa shi, wanda makanikai ke kira mekatironik, ya kasa riƙe ƙarfin matsi, ko kuma manhajar kwamfutar giyar ba ta daidaita inda kulocin ke kamawa ba. Sabunta kwamfuta da suka yi miki shi ne matakin farko da diloli suka saba ɗauka, kuma ba laifi ba ne. Sai dai yin sa ɗin shaida ce a gare ki cewa sun yarda akwai abin gyarawa tun kafin kowa ya taɓa motar a waje.

To ina baƙin mai ya shigo? Man inji yana zagayawa ne a cikin inji, giyabos yana da nasa man daban da nasa mazubi. Da injin ne ya buga, da sun sami abin kamawa, su ce an zuba man da bai dace ba ko filtar jabu. Amma kuloci ne ya lalace, kuma da wuya ƙwarai wani injiniya ya sa hannu a kan cewa juyen man inji ya ƙone shi. Abin da nake so ki tabbatar shi ne ko bakaniken ya tsaya a kan baƙin mai da filta kaɗai. Wasu makanikanmu, don nuna ƙwazo, sukan buɗe giya su ce bari su ciko mata mai, kuma man giyar otomatik na gama-gari ba ya shiga giyabos mai kuloci biyu, nasa na musamman ne. A je a tambaye shi cikin lalama, ba da sigar tuhuma ba, don ya faɗi gaskiya. A karɓo rasit ko a sa ya rubuta ranar da ya yi aikin, da kilomitar da ke kan mita, da sunan man da lambarsa, misali 5W-30, a gwada da abin da littafin motar ya ce. In galan ɗin man yana nan, a ajiye shi.

Tirakar ce ta fi ba ni tunani, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tirakar da aka haɗa da batir ta hanyar fiyus ɗinta daban ba ta da ruwa da giya. Amma wadda ake kashe mota da ita daga wayar salula, sai an yanke wayar famfon mai ko ta makulli an sa rile, wato makunnin da ke yanke wuta, a tsakani, kuma rewayan da bai san sababbin motoci ba yana iya fere wayoyin da birenbos, wato kwamfutar inji, da kwamfutar giya ke magana da juna ta cikinsu. In hakan ta faru, giya tana iya rikicewa har mota ta ƙi motsi. Abin daɗin shi ne motar da kanta tana ba da shaida. Idan aka sa mata kwamfuta, kowace matsala tana fitowa da lambarta. Lambobin da suka fara da harafin U na yankewar magana ne tsakanin kwamfutoci, misali U0101 yana nufin an rasa magana da kwamfutar giya, kuma irin wannan zai iya zama daga tiraka, kamar yadda zai iya zama daga batir mai rauni ko soket da bai zauna ba. Lambobin da suka shafi zamewar kuloci ko zafinsa ko matsin mekatironik kuwa suna nuni ne ga cikin giyabos ɗin, inda wayar tiraka ba ta kaiwa. Ki nemi su buga miki sakamakon binciken a takarda, da lambobin, da kilomitar da kowace ta bayyana, kafin wani ya goge su. Da yawa daga cikin waɗannan giyabos suna ajiye tarihin sau nawa kuloci ya yi zafi, wanda zai iya taimakon ki, zai kuma iya sa su ce tuƙinki ne, don haka gara ki gan shi da idonki tun yanzu. Kada ki bari kowa ya cire tirakar a ɓoye. In za a duba ta, a duba a gabanki da gaban wanda ya ɗaura ta, a ɗauki hoton inda aka haɗa wayoyin.

Ƙarfinki na gaske yana cikin jerin kwanaki. Karkarwa ta fara a watan farko, juyen mai da tiraka sun zo daga baya, kuma abin da ya zo daga baya ba ya haifar da wanda ya riga shi. Sai dai wannan magana ba ta da nauyi sai da takarda. A ƙa'ida, duk motar da ta shiga garejin dila ana buɗe mata takardar aiki, wadda suke kira jobkad, mai ɗauke da lambar shasi, kwanan wata, kilomita, ƙorafin mai mota da abin da aka yi. Ki nemi kwafin ta zuwanki na farko da na biyu da na yanzu. Mai yiwuwa a zuwan farko ba su buɗe komai ba tunda da baki suka sallame ki, to sai ki bi sawu ta wasu hanyoyin: saƙonnin WhatsApp tsakaninki da mai karɓar baƙi ko wanda ya sayar miki, tarihin kiran waya, littafin masu gadi da ke rubuta lambar duk motar da ta shiga, bidiyon da kika ɗauka in akwai, da rasit ɗin motar da ta ɗauko ta daga Kaduna. Sabunta kwamfuta kuwa yawanci yakan bar tarihi a na'urarsu. Ki zauna ki rubuta komai a shafi guda, rana bayan rana, ba sharhi, ba zagi.

Ga inda doka ta tsaya. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye, wato FCCPA ta 2018, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saye su dominsa. Sashe na 132 ya ba shi damar mayar da kayan cikin wata uku da karɓa idan ba su cika wannan ba, ba tare da tara ba, ɗawainiyar kuma a wuyan mai sayarwa, shi kuwa ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Dokar ta kuma hana a rubuta sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da ta ba shi. Wata uku sun wuce a lissafin yau, amma ke kin kai motar gare su har sau biyu da wannan ƙorafin, kuma in takardu suka nuna zuwan ya faɗa cikin wata ukun farko, lauya yana da abin tsayawa a kai: kin mayar a kan lokaci, sun zaɓi gyara, gyaran bai yi ba. Shi ya sa nake ta nanata maganar jobkad.

Su ma dilan ki fahimci halin da suke ciki, domin sanin hakan zai nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Dila ba shi ke biyan gyaran garanti daga aljihunsa ba. Yana bincike ne, ya tura buƙata ga babban kamfanin da ke shigo da motocin ko harhaɗa su, tare da hotuna da lambobin matsala da tarihin sabis. In aka amince, a turo kaya a biya shi kuɗin aiki, wanda yawanci bai kai abin da zai caje ki ba. In ya yi gyara aka ƙi amincewa daga baya, asarar tasa ce. Saboda haka da ya ga gurbin tambarin sabis na kilomita 5,000 babu komai, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce ki biya. Tambayar da za ki yi ke nan: an tura buƙatar garanti a kan motata? In an tura, ina lambarta, ina amsar da aka bayar? Ba abin mamaki ba ne ki tarar ba a ma tura ba. Haka batun sati biyar. Kayan da ke zuwa ta ruwa suna ɗaukar makonni har watanni, na jirgin sama kwanaki ne zuwa 'yan makonni, amma ba za a yi odar komai ba muddin ana jayayya a kan mai biya. In kuma suka juya suka ce gurɓataccen fetur ne, ki sani wannan hujja tana da gaskiya a wurinta, kowa ya tuna fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 da ɓarnar da ya yi, amma ɓarnarsa a famfon mai da nozul da inji take, ba ya kaiwa ga kuloci.

Ki nemi ganin manajan sashen gyara, ba mai karɓar baƙi ba, ki je da wasiƙa kwafi biyu. A cikinta ki sa sunanki, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ranar saye, jerin kwanakin nan, sannan abin da kike nema a fili: rahoton bincike a rubuce, dalilin ƙin garanti tare da sakin layin da suka dogara da shi a littafin, gyara kyauta, da ranar da za a gama. Ki ambaci juyen man da tirakar da kanki, da kwanakinsu, domin abin da kika faɗa da bakinki ba ya zama makami a hannun wani. Ki ba su kwana 14. A buga miki tambarin karɓa a kwafinki da kwanan wata da sa hannu, ki kuma tura irin ta ta imel ga sashen kula da abokan ciniki na babban kamfanin, adireshinsu yana cikin littafin garanti. Kafin ki fito, ki leƙa motar. Ki ɗauki hoton mita da ma'aunin mai da jikinta ta kowane ɓangare, ki duba safaya da jak, ki roƙi a matsar da ita inuwa. Motar da ta yi sati biyar a tsaye batirinta yana sauka, ɓeraye kuma suna son wayoyin cikin bonet.

In kwanakin suka cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ki kai ƙara hukumar FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, inda za ki ɗora takardunki. Hukumar takan nemi kamfani ya ba da amsa, ta zaunar da ku, kuma kamfanoni ba sa wasa da takardarta yadda suke wasa da kiran waya. A lokaci guda ki sanar da bankinki a rubuce, domin motar jingina ce a wajensu, kuma in suna da hulɗar ba da bashin motoci da wannan dilan, kiransu guda yana iya yin abin da zuwanki goma bai yi ba. Amma kada ki dakatar da biyan bashin don fushi. Yarjejeniyarki da banki daban take, tsayar da biya zai jawo miki tara da ɓacin suna ne kawai. Inshora kuma, ko da mai ɗaukar komai ce, hatsari da sata da gobara take biya, ba lalacewar giya ba. Kotu tana nan a ƙarshe, sai dai tana cin lokaci da kuɗi, kuma sau da yawa wasiƙar lauya guda tana wadatarwa kafin a kai can.

Me ya kamata ki karɓa? A ganina abin da ya fi kusa da hannu shi ne cikakken gyara kyauta, wato a canja duk abin da bincike ya nuna, ba faci ba. In kuloci ne, a duba sil da filawil, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, domin sabon kuloci a kan yoyon da ba a toshe ba zai koma karkarwa cikin 'yan watanni. In mekatironik ne, a canja shi. Ki nemi a rubuta cewa garantin motar yana nan daram, a ƙara miki kwanakin da ta yi a kwance a kan wa'adinsa, a kuma rubuta cewa in matsalar ta dawo za a canja giyabos ɗin gaba ɗaya. Motar aro ba dole ba ce a kansu sai in an rubuta a yarjejeniya, amma ki tambaya, wasu suna bayarwa don a zauna lafiya. Canja mota ko mayar da kuɗi haƙƙi ne da za ki iya ambata a wasiƙarki, sai dai samunsa ya fi wuya, kuma ya fi ƙarfi idan gyara na uku ya gaza. Idan bincike na gaskiya ya nuna tirakar tana da hannu, to sulhu ba faɗuwa ba ne: su kawo kaya ke ki biya aiki, a gyara wayoyin, garantin sauran motar ya ci gaba. In kuma kasuwarki ba za ta jure jira ba har kika zaɓi biya don ki karɓi motarki, ki rubuta a jikin takardar cewa kin biya ne ba da yarda ba kuma kina nan a kan neman haƙƙinki, ki karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce magana ta ƙare sai lauya ya karanta.

Shawarar maigida ta sa giyabos na Beljiyam ita ce za ta kashe garantin giyar da gaske, ta kuma raunana hujjarki a gaban hukuma da kotu tunda an ɓata shaida. Ga shi sabuwar ƙira da wuya a sami nata a kasuwar tsofaffin kaya, in an samu ma sai an haɗa shi da kwamfutar motar da na'urar kamfani. Ta ƙanenki ta tona musu asiri a Facebook kuwa, magana zarar bunu ce. An sha amfani da dokar laifukan intanet ta 2015 a kan mutanen da suka soki kamfanoni a kafafen sada zumunta, kuma kalma guda kamar "'yan damfara" tana iya mayar da mai ƙara ya zama wanda ake ƙara. Ki bar wannan a aljihu.

Shi kuwa Alhaji maigidanki, ki duba abin da ya yi da idon adalci. Ya so ya rage miki tafiyar kusan kilomita 200 a kan hanyar da kowa ya san halinta, ya kuma so ya tsare miki dukiya daga ɓarayi. Haka ya saba yi da motocinsa tsawon shekaru kuma bai taɓa ganin illa ba, domin Beljiyam ba ta da littafin da ake buga wa tambari. Kuskurensa rashin sanin ƙa'idar sabuwar mota ne, kuma aibin ya riga shi zuwa. Ina kyautata zaton nacewarsa a kan a ɗauko ta a gyara, kunya ce da son ya goge abin da yake ganin ya jawo. Ki ba shi hanyar da ta fi wannan. Ki same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa kin gano matsalar ta girmi zuwansa wajen bakanike, kuma kina buƙatar sa a abu biyu da ba mai iya yi sai shi: ya karɓo bayanin bakaniken da na mai tiraka, ya kuma raka ki wajen manaja. Ku daidaita tun daga gida cewa ke za ki yi magana tunda sunanki ne a takarda, kuma ba ɗaga murya. In akwai sauran abin da ke ranki game da yanke shawara a kan kayanki ba tare da an tambaye ki ba, wannan magana ce mai kyau a yi ta, amma bayan mota ta fito.

Ranar karɓa kada ki yi sauri. Ki ce injiniyansu ya shiga ku fita tare na minti 30 zuwa 40, a tayar da ita tana sanyi, a shiga cunkoso har ta yi zafi, a tsaya a kan hawa a sake tashi, a gwada ribas sau da yawa. Ki tambaya ko an koya wa kwamfutar giyar sabon kulocin, domin in ba a yi wannan daidaitawar ba, sabon ma zai yi fizga. A sake sa mata kwamfuta a gabanki a ga ba sauran lamba. Ki karɓi takardar da ta jera kayan da aka canja da lambobinsu ko da kuɗin da ke ƙasa sifili ne, ki gwada mita da hoton da kika ɗauka. Duk abin da bai yi miki ba, ki rubuta shi a jobkad kafin ki sa hannu.

Daga nan kuma sai ki sauya 'yan abubuwa a tuƙi, don irin wannan giyar tana da abin da take so. A gosulo ki bar tazara ta buɗe sannan ki tafi sosai, maimakon jan jiki taku-taku da ƙafa rabi a kan birki. A kan hawa ki riƙe ta da birki, ba da totur ba. In ta nuna gargaɗin zafin giya, ki sami wuri ki tsaya, ki sa ta a P na 'yan mintoci. Sabis kuwa a yi shi a gareji mai izini har garanti ya ƙare, a kan lokaci, a buga tambari. Ƙurarmu da zafinmu suna sa motoci cikin jadawalin aiki mai tsanani, wanda a littattafai da yawa yake nufin kowace kilomita 5,000 ko wata shida. Ki tambaye su a rubuce ko suna da garejin da suka amince da shi a Kaduna, haka kuma duk wani ƙari da za a yi wa motar nan gaba, ko tiraka ce, ko manyan fitilu, ko mayar da ita mai amfani da gas, a fara samun izininsu a takarda kafin rewaya ya taɓa waya ko guda.